Zauren Kakanmu da Ƙyauren Ƙarfe

Na ga abubuwa a duniya. Na binne miji, na aurar da 'ya'ya, na yi ciwon da har aka fara fidda rai da ni. Amma in aka ce in faɗi abu guda da ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka rufa mini ƙasa, to zaman da na yi ne a zauren kakanmu. Har yau in na ratsa kasuwar Dakoro akwai masu nuna ni da baki, suna cewa ga matar nan da ta tare a zaure. Ba na jin haushinsu. Ni ce, kuma da abin zai dawo da na sake.

Bari in fara da zauren kansa, don wanda bai san shi ba zai ce a kan wani ɗan ɗakin ƙasa ne tsohuwa take ta wannan kumfar baki. Kakanmu ya gina shi tun garin bai wuce 'yan gidaje da rijiya ba. Ginin tubali ne, mai kaurin bangon da ko rana ta raba tsaka cikinsa da sanyi. Azarar rufinsa daga kudu aka kawo ta a kan raƙuma, ta yi baƙi wuluk saboda hayaƙin shayi. Dakali ya kewaye cikinsa, ga randa a kusurwa da moɗa a kife bisa murfinta. Ƙofa biyu gare shi. Ta ciki, wadda ke shiga tsakar gidanmu, tana da ƙyauren katako da ake sakawa in dare ya yi. Ta waje kuwa, mai kallon hanya, ba ta da ƙyaure, ba ta taɓa samu ba, ko asabari ba a taɓa rataya mata ba.

Ba mantuwa aka yi ba. Kaka falke ne, ya yi fataucin kanwa da hatsi da jakuna tun yana saurayi. Babanmu ya sha ba mu labarin wata tafiya da ruwan sama ya kama Kaka da abokin tafiyarsa marar lafiya a wani gari da ba su san kowa ba. Suka bi gida gida, ko'ina a rufe, har abokin nan ya cika a gindin katangar mutane. Da Allah ya hore masa ya zo gina nasa gidan, Fulani da Buzayen da ke shayar da dabbobi a rijiya suka taya shi cuɗa ƙasa da ƙafafunsu. Ranar da aka gama rufi ya tsaya a bakin ƙofar ya ce kada a sa mata ƙyaure, yana raye ko ba ya raye. Iyakar maganar ke nan, ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin dalilin rubutawa.

Haka muka taso muka tarar. Duk jajibirin kasuwa, da la'asar sakaliya, sai ka ga baƙi na sauka: makiyaya daga arewa ta wajen Azagor, manoma daga Ajekoriya da jakunansu, wani lokaci mace da miji sun kawo yaro gidan likita, matar ta wuce cikin gida. Ba a neman izini. Mutum ya ɗaure dabbarsa a turke, ya yi sallama, ya shiga ya sha ruwa. Ba a tambayar baƙo ko shi wane ne sai ya ci tuwo. Innarmu ta tsufa tana tuƙa tuwon zaure, mu kuma 'yan mata in aka aike mu sai mu ratsa ta ciki da gudu, kai a ƙasa. Mace ba ta tsayawa a zaure, balle zama. Wannan ko ba a faɗa maka ba ka sani.

Bayan rasuwar mijina na dawo gida, Inna ba ta da rai, sai aikin zaure ya faɗo kaina. Ni ke cika randa, ni ke aika tuwo. Gidan kuwa yana hannun yayana, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi da ke kai da kawowa tsakanin nan da Maraɗi har Najeriya. Ba zan ci amanarsa ba ko a wannan labari: mutum ne mai riƙon zumunci, shi ke ciyar da gidan kaf, har da ni. Ya fasa wata babbar ƙofa ta ƙarfe a ɗaya gefen gidan don motarsa, tun daga nan mutanen gida suka daina bi ta zaure, sai baƙi kawai. Abin da ke damun Alhaji shi ne duk abin da ba ya kawo riba gani yake zaman banza yake yi.

Wata kaka, an yi albarkar wake, na fito da safe na tarar ana sauke wani ƙyauren ƙarfe shuɗi daga kan motar kaya ta kamiyo, sabo ful, da maƙalin kwaɗo har biyu. Aka jingina shi da bangon zaure.

Na ce, "Yaya, wanga ƙyaure na ina ne?"

Ya ce, "Na zaure. Na sayi wake da yawa a Sabon Maci, mangaza ta cika, ba ni da wurin ajiya. Ga ɗaki zamne banza."

"Banza? Waɗanda ka kwana ciki duk jajibirin kasuwa hwa, aljannu ne?"

"Ai su ni ka gudu," in ji shi.

Nan ya fito da ainihin abin da ke ransa. A wata unguwa wani mutum ya saukar da baƙo, ashe baƙon da shanun sata ya zo, jandarmomi suka tafi da mai gidan, sai da ya kwana biyu a hannunsu kafin gaskiya ta fito. Alhaji ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce gidan nan akwai mata akwai yara, kuma ya tambaye ni ko na san duk wanda ke shigowa. Na ce Kaka ma bai san su ba. Ya ce Kaka bai ga zamanin bindiga ba.

Ban ce ƙarya ya yi ba, ko a ranar ban ce ba. Zamani ya lalace, kowa ya sani. Amma mutanen da ke kwana a zaurenmu su ne zamanin ya fi lalace wa. Da can ko'ina suka sauka a yi musu maraba, yanzu kowa ya ga mai rawani ko mai sanda a kafaɗa sai ya ja ƙofarsa. Zauren nan kaɗai ya rage musu a unguwarmu. In aka rufe shi, a tasha za su kwana, a ƙasa, da kuɗin dabbobinsu a jiki.

Na bi hanyar lalama tukuna, kada a ce ban bi ba. Na je wa ƙannenmu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce gaskiya gare ni, kowa kuma ya ce amma kada in ce shi ya faɗa. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Ni ma bakina ya ci, ban musa ba, sai dai idona ya ƙi jin kunyar. Na koma wa Alhaji da daɗin baki, har da kiran sunan Baba, ya ce magana ta ƙare, gobe magini zai zo.

Da gari ya waye magini ya iso da buhun siminti da guduma, da wani mutum mai taya shi. Suka tarar da ni zaune a kan tabarma daidai bakin ƙofar zaure, ƙafafu a miƙe, ga ƙwaryar gujiya a cinyata ina ɓara. Na haura hamsin a duniya ban taɓa ɗora mazaunaina a ƙasan ɗakin nan ba, ji nake kamar Inna za ta leƙo ta daka mini tsawa. Amma fuskata na ɗaure ta tamau.

Magini ya gaishe ni ya ce, "Hajiya, ki ɗan matsa mu auna."

Na ce, "Auna ta bisa kaina."

Ya yi 'yar dariya yana zaton wasa ne. Da ya ga ba wasa, ya aika aka kira Alhaji. Ya zo da sauri, babbar riga a kafaɗa, ya tsaya a kaina.

"Tashi."

"Ba ni tashi."

"Mace a zaure? Ke kin taɓa gani?"

"Ƙyaure a zauren ga, kai ka taɓa gani?"

Mutane sun fara taruwa. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce gidan nan ba a raba gadonsa ba, in dai ina da rabo a ciki to nan nake so, daidai inda nake zaune. Alhaji ya dubi magini ya ce ya fara aiki. Magini ya ajiye gudumarsa ya ce shi ba ya sarar bango bisa kan mace, matar da ta yi sa'ar uwarsa. Yayana ya ciji leɓe. Ya san in ya sa aka ɗaga ni da ƙarfi, kafin azahar labari ya kai Maraɗi, a ce Alhaji wane ya ja ƙanwarsa gwauruwa a ƙasa saboda buhun wake. Sai ya ce, "Zamna. Sauro ya tashe ki." Ya umarci magini ya riƙa zuwa kullum da safe da kayan aikinsa, ya zauna yana jira.

Haka muka shiga zaman gadin juna, ni da magini. Shi a waje kusa da ƙyaure, ni a ciki. In zan kewaya ko in yi alwala sai in daidaita da lokacin da ya tafi cin abinci, kuma ina zaton bawan Allah da gangan yake daɗewa. Matar Alhaji, Allah ya saka mata, ita ke turo mini abinci ta ƙofar ciki, ba ta taɓa cewa uffan ba. Sauro kuwa ya ci rabonsa, wannan kam Alhaji bai yi ƙarya ba.

Maganganu babu irin wadda ban ji ba. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce tun da mijinta ya mutu ba ta dawo daidai ba. Ƙawayena suka riƙa zuwa ta cikin gida, su tsaya a ƙofar ciki suna magana da ni ƙasa-ƙasa, ko ɗaya ba ta yarda ta sa ƙafa ba. Ɗana ya kira daga Maraɗi yana roƙona in rufa masa asiri, wai abokansa na yi masa dariya. Na ce ya gaya musu uwarsa ba sata ta yi ba. Liman ya aiko matarsa ta ba ni baki. Na ce ta koma ta tambayo mini shi, zaman nan haram ne? In haram ne yanzu in naɗe tabarmata. Ta dawo ta ce ya ce ba haram ba ne, amma babu kyan gani. Na ce to rashin kyan gani ba ya kisa.

A zaman nan ne na san ɗakin da nake wa hidima shekara da shekaru ban taɓa kallonsa ba. In na kwanta sai in ga yadda aka jera azara, kowace da irin lanƙwasarta, da wurin da Baba ya taɓa canza guda bayan wata damina mai ƙarfi. Dakalin ya yi sumul don zama. A bangon gabas, ƙasa-ƙasa, akwai zane-zane birjik da aka yi da bakin wuƙa. Da farko na ɗauka ɓarnar yara ce, sai na gane alamun da makiyaya ke yi wa raƙuma da shanu ne, kowane gida da nasa, wasu sun tsufa har sun kusa shafewa, wasu sababbi. Ashe mutanen nan sun daɗe suna cewa nan ma wurinsu ne, mu da ke cikin gida ba mu sani ba.

Ni duk tunanina yana kan jajibirin kasuwa. Na sa a raina cewa da baƙi sun zo sun cika ɗakin, Alhaji zai ga abin da zai rufe da idonsa, kunya ta kama shi. Ranar na share zaure tas, na cika randa, na sa aka ɗora tukunyar tuwo babba.

La'asar ta yi, sai ga su. Na ji kukan raƙumi, na ji ana ɗaure jakuna. Wani Buzu ya yi sallama ya sunkuyo zai shigo, idonsa ya faɗa kaina, ya ja da baya kamar ya taka wuta. Na ce ya shigo, ya ce a'a, a'a, nan ma ya isa. Na bayansa ma haka. Kafin a jima mutane sun jeru a waje, a gindin bango, cikin 'yar inuwar da ko ƙafafunsu ba ta rufe ba, ga rana irin ta kaka tana dukan su. Sun sha tafiya, ga randa cike da ruwa, babu mai shigowa ya sha. Wannan ban kawo shi a lissafina ba. Yadda mace ba ta zama a zaure, haka baƙo mai mutunci ba ya shiga ɗakin da matar gida ke zaune.

Ana haka Alhaji ya dawo daga mangaza. Ya dubi mutanen da ke waje, ya leƙo ya dube ni, ya yi dariya har da dafa bango.

Ya ce, "Ashe asarar kuɗin ƙyaure na yi. Ke kin hi shi tsare ƙohwa."

Maganar nan ta soke ni, don gaskiya ce. In na zauna, baƙi na waje. In na tashi, ga magini nan da gudumarsa. Na ji hawaye na zuwa, na mayar da su, don ban yi niyyar ba Alhaji wannan daɗin ba.

Cikin waɗanda ke waje akwai wani tsohon Bafillace da muke kira Baffa. Tun ina yarinya yake sauka gidanmu, kafin shi ubansa, kuma uban nan na cikin waɗanda suka cuɗa ƙasar ginin. Dogo ne siriri, ya tsufa har ya rankwafa, ga fulako kamar ya kashe shi. Ko ruwa ba ya sha in ana kallonsa. Na kira shi daga inda nake.

"Baffa, shigo."

Ya matso ya durƙusa daga gefen ƙofa, ya kau da kai. "Ɗiyar mai gida, ba mu shiga bisa kanki. Ba mu gada ba."

Na soma yi masa bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce tun a hanya suka ji labari. Ya ce sun yi shawara tsakaninsu, ba za su zama sanadin rabuwar wa da ƙanwa ba. Sun ci arzikin gidan nan tun kakanni, sun gode, Allah ya jiƙan magabata. Yau za su ɗan huta nan waje su wuce tasha, daga yau kuma ba su ƙara takura wa kowa.

Ban ji zafin Alhaji ba kamar yadda na ji zafin wannan magana. Na yi kwana da kwanaki sauro na ci na, gari na zagina, su kuma za su sallama ɗakin cikin ladabi, har da godiya. Nan na manta da girman tsufa.

Na ce, "Baffa, kai ne baƙo a nan? Ubanka da ƙahwahunshi ya taka ƙasar bangon ga. Alamar shanunku ga ta can, na gan ta da idona. Ni da ka gani, sai bana na taɓa zama cikinshi. Ɗakin ga ya hi zama naku bisa nawa, kuma ku za ku hwara gudu? In kunya ce, ku ji kunyar wanda yag gina shi."

Kansa na ƙasa.

Na miƙe, gwiwoyina na ƙara. Na naɗe tabarmata, na ɗauki ƙwaryata, na taka har ƙofar ciki na tsaya daga bakinta. Rabon bakin ƙofar waje da zama babu kowa a gaban magini tun ranar da aka fara.

Na ce, "To na tashi. Yanzu ko kai ka shigo, ko ƙyaure shi shigo. Ni na yi nawa."

Alhaji bai ɓata lokaci ba, ya yafuto magini da hannu. Magini da mai taya shi suka kama ƙyauren, suka ɗago shi daga jikin bango, ina jin ƙarar ƙarfen yana jan ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, na yi caca na faɗi. Sun kusa kai shi bakin ƙofa ke nan Baffa ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya cire takalmansa ya ajiye su gefe a tsanake, ya sunkuya ya ratsa ta gabansu ya shigo. Ya je kan dakali, ƙarƙashin zanen nan, ya zauna ya ɗora sandar a cinya. Sai Buzun nan ya biyo shi, sai wani, sai wani, har ɗakin ya cika.

Daga inda yake zaune Baffa ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya yi masa sallama cikakkiya, ya ce, "Mai gida, mun sauka."

Na ga fuskar yayana. A gidan nan aka haife shi, shi ne yaron da Baba ke aikawa da akushin tuwo. Yana iya faɗa da ƙanwarsa, yana iya rufe ɗakin da ba kowa, amma ya dubi tsoho sa'ar ubansa zaune a kan dakali ya ce masa fita, wannan bakinsa ba zai iya ba. Can ya amsa sallamar, ya ce sannunku da hanya. Ya ce wa magini ya mayar da ƙyauren inda ya ɗauko shi.

Sai ya zagayo ta babbar ƙofa ya same ni a tsakar gida, ya nuna ni da yatsa a gaban iyalinsa. Ya ce, "Duk abin da yaf hito daga zauren ga, ke za a kama, ba ni ba." Na ce na ji, na ɗauka. Ya ce ba a nan zan faɗa ba. Washegari muka je gaban mai unguwa, na maimaita da bakina cewa ni ce mai masaukin zauren, in an zo neman mai gida ni za a nema. Mai unguwa ya tambaye ni ko na san nauyin abin da nake faɗa. Na ce na sani.

Alhaji ya yi zaton da kasuwa ta watse ɗaki zai koma wayam ya ƙarasa aikinsa. Kasuwa ta tashi, kowa ya kama hanya, Baffa bai tafi ba. Ya ba wa 'yan'uwansa saƙon gida, ya ce ƙafarsa ke ciwo. Ciwon bai warke ba sai da wani Buzu ya sauka, shi kuma raƙuminsa ya ƙi lafiya har wani ya zo. Ban shirya wannan da su ba, ban ma taɓa tayar da maganar ba, su ma ba su tayar ba. Na dai lura duk kakar nan zauren bai kwana ba kowa ba. Daga baya na ga an ɗora ƙyauren shuɗi a amalanke an yi kasuwa da shi, aka ce Alhaji ya kama hayar wata mangaza.

Kada ku ɗauka a banza na ci. Yayana ba mutum ne da ake kayarwa ya tashi ya kakkaɓe riga ya wuce ba. Ba a jima ba magini ya dawo, wannan karon ta cikin gida, ya cire ƙyauren katakon nan na ƙofar ciki, ya toshe wurin da bulo da siminti har sama. Alhaji ya ce in zauren na baƙi ne to ya zama na baƙi, amma iyalinsa ba su haɗa hanya da shi. Ina tsaye ina kallo ana liƙe ƙofar da Inna ta yi rayuwarta tana miƙa tuwo ta cikinta. Wannan ranar kam na yi kuka, a ɗakina, inda ba mai gani. Ban hana ba, don Kaka bai yi magana a kan ƙofar ciki ba, kuma tsoron Alhaji ga 'ya'yansa hakkinsa ne.

Tun daga lokacin, in zan kai ruwa ko tuwo sai in fita ta babbar ƙofa, in bi hanya in kewaye gidan gaba ɗaya da kaya a kaina, gaban masu shayi da masu gyaran babur. Da farko suna dariya, yanzu sun gaji. Mun yi kusan shekara ni da Alhaji gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba, a hankali dai muka koma magana kamar ba a yi ba. Hatsin da yake aiko mini bai taɓa ragewa ba, alhali ya san sarai cikina ɗaya ba ya cinye shi, kuma bai taɓa tambayar inda sauran ke zuwa ba. Baffa ya rasu shekarun baya can cikin daji wurin shanunsa. Ɗansa ne ke sauka yanzu.

Ba zan ce muku hankalina kwance yake ba. Duk baƙuwar fuskar da na gani a kan dakalin nan sai na tuna abin da na faɗa gaban mai unguwa, kuma ban san abin da gobe za ta kawo ba. Na zaɓi in zauna da wannan fargaba, ta fi mini sauƙi bisa in wuce kullum in ga kwaɗo rataye a wurin.

Abin da na koya shi ne tsohon gini ba ruwan sama ke kashe shi ba, wannan yaɓe ke maganinsa. Yana mutuwa ne ranar da masu shi suka ji tsoro, masu shiga kuma suka ji kunya, kowa ya ja da baya cikin mutunci ana ta yi wa juna godiya. Dole sai an samu wani marar kunya da zai tsaya ya ce bai yarda ba, ko da gari duka zai kira shi mahaukaci. Kuma taurin kaina ni kaɗai bai isa ba, sai da mai ɗakin na gaskiya ya cire takalmi ya shiga. Yanzu ƙafafuna sun fara gazawa, kewayen nan na yi mini nisa, wasu na ba ni shawarar in huta haka nan. Na gaya musu zan huta, amma sai ranar da suka nuna mini wanda zai karɓi tulun daga kaina.